Jagora ga Ƙananan Hukumomi da Ƙungiyoyin Al'umma kan Zaɓen Manhajar Wallafa Bayanai a Intanet

Gabatarwa

A duk lokacin da ƙaramar hukuma, ko ƙungiyar manoma, ko ƙungiyar ci gaban gari ta yanke shawarar buɗe shafi a intanet domin sanar da jama'a ayyukanta, akwai tambayar da dole a amsa tun kafin a kashe ko kwabo: shin za a yi rajista ne da kamfanin da ya riga ya tanadi komai, ko kuwa za a samo manhaja a girka ta a wurin da ake biyan haya da sunan hukumar? Sau da yawa akan bar wannan hukunci a hannun ɗan kwangila, ko wani matashi da aka ga ya iya kwamfuta, alhali amsar ita ce za ta nuna wanda zai mallaki shafin, da yawan kuɗin da za a riƙa kashewa duk shekara, da makomar bayanan idan an samu sauyin shugabanci.

Lamarin ya shafi mazauna karkara kai tsaye. Sanarwar rabon takin zamani, da ranakun allurar rigakafi, da ɗaukar ma'aikata, da jerin ayyukan da aka sanya a kasafin kuɗi, duka bayanai ne da talaka ke buƙatar wurin da zai tabbatar da sahihancinsu. Idan babu irin wannan wuri, 'yan damfara sukan buɗe shafukan bogi da sunan hukuma, su karɓi kuɗin fom daga hannun masu neman aiki. Saboda haka muka ga ya dace mu yi bayanin hanyoyin biyu dalla-dalla, domin shugabanni da jami'an yaɗa labarai su yi zaɓi bisa sani.

Abubuwa Uku da Suka Haɗu Suka Zama Shafi

Na farko shi ne suna, wato adireshin da mutum zai rubuta domin ya iso shafin. Ba a sayen suna sayen dindindin. Rajista ake yi, ana sabunta ta duk shekara. A Najeriya, ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a shekarar 2005, ita ce ke kula da sunayen da ke ƙarewa da .ng.

Na biyu shi ne masauki, wato wuri a cikin wata babbar kwamfuta da ake kira saba, wadda ba a kashe ta dare da rana, kuma take haɗe da intanet a kowane lokaci. A cikinta ake ajiye rubuce-rubuce da hotuna, daga nan ne kuma take miƙa su ga duk wanda ya nema.

Na uku shi ne manhajar wallafawa. Ita ce ke ba jami'in da bai san ilimin tsara manhaja ba damar rubuta sanarwa, ya saka hoto, ya danna maɓalli, sanarwar ta bayyana ga duniya tare da kwanan wata, ta kuma shiga ma'ajiyar da za a iya bincikawa daga baya.

Bambancin hanyoyin biyu ya ta'allaƙa ne a kan wanda ke riƙe da masauki da manhaja. Idan muka kwatanta da harkar kasuwa, hanya ta farko tamkar kama rumfa ce a kasuwar da wani ya gina, inda shara da gadi ke wuyan mai kasuwa, amma dokarsa ce ke aiki. Hanya ta biyu tamkar gina shago ce a filin da mutum ke da takardarsa, inda shi ke da iko, kuma idan rufi ya yi yoyo shi zai nemo mai gyara.

Hanya ta Farko: Manhajar da Kamfani ke Riƙe da Ita

Fitattun misalai su ne Blogger, wanda kamfanin Pyra Labs ya ƙirƙiro a shekarar 1999 kuma Google ya saya a 2003, da WordPress.com, wanda kamfanin Automattic ya buɗe a 2005. Abin da ake buƙata shi ne adireshin imel da kalmar sirri, kuma cikin awa guda ana iya wallafa sanarwar farko.

Amfanin wannan hanya a fili yake. Kamfanin ne ke kula da saba, da wutar lantarki, da toshe kafofin da masu kutse ke bi, da sabunta manhaja. Ƙungiyar da ba ta da ma'aikacin fasaha ba za ta damu da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Bugu da ƙari, matakin farko kyauta ne.

Sai dai Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. A matakin kyauta, adireshin shafin yakan ɗauki sunan kamfanin a ƙarshensa, abin da ke sa ya yi wa talaka wuya ya bambance shafin hukuma da na wanda ya ari sunanta. WordPress.com yakan sanya tallace-tallace a shafukan kyauta, kuma mai shafin ba shi ne ke zaɓen tallan da zai fito kusa da sanarwarsa ba. Har ila yau, kamfanin na da ikon dakatar da shafi idan ya ga an saɓa wa ƙa'idojinsa, kuma ƙorafi sai ta imel, da Turanci, zuwa wata ƙasa.

Babban haɗari shi ne rufe harkar baki ɗaya, kuma wannan ya sha faruwa. A watan Oktoba na shekarar 2009 kamfanin Yahoo ya rufe GeoCities, in ban da reshensa na Japan, miliyoyin shafuka suka sauka daga intanet. A 2011 Microsoft ya rufe Windows Live Spaces, ya shawarci masu amfani da shi su koma WordPress.com. An rufe Posterous a 2013, shekara guda bayan Twitter ya saye shi. Typepad ma, wanda ya yi aiki fiye da shekara ashirin, ya daina aiki a ƙarshen watan Satumba na 2025. A irin wannan yanayi akan ba da wa'adi domin kowa ya kwashe kayansa, amma sanarwar takan tafi ne ga imel ɗin da aka yi rajista da shi. Idan imel ɗin na jami'in da ya yi ritaya ne, ko na ɗan bautar ƙasa da ya gama hidimarsa ya koma gida, wa'adin zai cika ba tare da kowa ya sani ba.

Wasu sukan ga cewa shafin Facebook ko zauren WhatsApp ya wadatar. Waɗannan kafofi suna da amfani wajen isar da saƙo cikin sauri, amma neman sanarwar da aka fitar shekara biyu baya a cikinsu aiki ne mai wuya. Kazalika samun su ba shi da tabbas a kowane lokaci: daga watan Yuni na 2021 zuwa Janairun 2022 an dakatar da Twitter a Najeriya, wato kimanin wata bakwai, kuma duk wanda ya dogara da shi kaɗai ya rasa hanyar yi wa mabiyansa magana. Abin da ya fi dacewa shi ne a wallafa bayani a shafin hukuma, sannan a yaɗa adireshinsa ta waɗannan kafofi.

Hanya ta Biyu: Manhajar da Ake Girkawa

A wannan hanya, hukuma ce ke yin rajistar suna, ta kama hayar masauki, sannan a girka manhaja a ciki. Wadda ta fi shahara ita ce WordPress, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar a watan Mayu na shekarar 2003, kuma fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan intanet na duniya da ita aka gina su. Akwai kuma Drupal, wadda Dries Buytaert ya fitar a 2001, da Joomla, wadda ta fito a 2005. Dukkan ukun suna ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa izinin sauke su, da amfani da su, da yi masu gyara ba tare da biyan kuɗi ba.

A nan akwai abin lura guda biyu. Na farko, WordPress.com da WordPress.org ba abu ɗaya ba ne: na farkon kamfani ne mai ba da masauki, na biyun kuma wurin da ake sauke manhajar ne domin a girka ta a duk inda aka ga dama. Na biyu, tun da manhajar kyauta ce, idan ɗan kwangila ya sanya kuɗin sayen WordPress ko Joomla ko Drupal a takardar ƙiyasinsa, wajibi ne a nemi ya yi bayani. Abin da ya halatta a biya shi ne ladan aikinsa, da kuɗin suna, da kuɗin masauki, da kuɗin wasu ƙananan manhajojin ƙari idan na saye ne.

Amfanin wannan hanya shi ne cikakken iko. Babu tallan da ba a so, ana iya tsara shafin ya ƙunshi sashen Hausa da na Turanci, ana iya ware wa kowane sashe na sakatariya gurbinsa, kuma idan kamfanin masauki ya gaza, ana iya kwashe komai a koma wani ba tare da adireshin ya canza ba.

Amma ikon yana tafe da nauyi. Manhaja tana buƙatar sabuntawa a kai a kai, saboda duk lokacin da aka gano wata kafa a jikinta, masu kutse suna sakin na'urorin da ke bin shafuka ɗaya bayan ɗaya suna neman waɗanda ba a toshe ba. Waɗannan na'urori ba ruwansu da ƙanƙantar shafi ko nisan garin da ya fito. A ranar 15 ga Oktoba, 2014, masu kula da Drupal sun sanar da wata babbar kafa tare da maganinta, daga baya kuma suka yi gargaɗin cewa duk shafin da ba a gyara ba cikin awa bakwai da fitowar sanarwar, a ɗauka kawai an riga an shige shi. Tun shekarar 2013 WordPress ke girka ƙananan gyare-gyaren tsaro da kanta, amma yawancin kafofin da ake samu a yanzu suna cikin manhajojin ƙari ne, waɗanda mutane daban-daban ke rubutawa, wasu kuma suka yi watsi da su. Haka nan manhaja takan tsufa: a watan Janairun 2025 aka daina yi wa Drupal 7 gyaran tsaro a hukumance, don haka shafin da ke kanta har yanzu yana buƙatar a sauya masa.

Shafin hukuma da aka yi wa kutse ya fi rashin shafi illa, domin ana iya cika shi da tallan caca, ko a sanya sanarwar ƙarya da lambar asusun banki, jama'a kuma su gaskata saboda sun gan ta a adireshin gwamnati. Idan babu wanda zai ɗauki alhakin kula da shafin, to da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da Doka da Ƙa'ida Suka Tanada

Ga hukumomin gwamnati, zaɓin yana da iyaka. Sunayen da ke ƙarewa da .gov.ng an keɓe su ne ga hukumomin gwamnati kaɗai, kuma Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, wato NITDA, ita ce ke kula da bayar da su. Wannan ne ya sa irin wannan adireshi ya zama hatimin da talaka zai iya dogara da shi. Ƙa'idojin da NITDA ta fitar a shekarar 2013 sun kuma buƙaci a riƙa ajiye bayanan gwamnati a cikin Najeriya. Blogger da WordPress.com kamfanonin Amurka ne ke riƙe da su, saboda haka ba su dace su zama mazaunin shafin ƙaramar hukuma ba.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta shekarar 2011 ta ɗora wa hukumomi alhakin adana bayanansu da bayyana wa jama'a ayyukansu tun kafin a tambaya. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, wanda ke nufin jama'a na da ƙarin dalilin neman sanin yadda ake sarrafa kuɗin yankinsu. Shafi mai ɗorewa hanya ce mai sauƙi ta sauke wannan nauyi.

A ɗaya ɓangaren, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta shekarar 2023 ta wajabta wa duk mai tattara bayanan mutane ya kiyaye su. Saboda haka bai kamata a wallafa jerin sunayen waɗanda suka ci gajiyar wani shiri tare da lambobin wayarsu, ko lambar NIN, ko BVN, ko lambar asusun banki ba, ko da wace irin manhaja ake amfani da ita.

Ƙungiyoyin da ba na gwamnati ba suna da 'yancin bin duk hanyar da suka ga dama. Suna iya yin rajistar suna mai ƙarewa da .org.ng, 'yan kasuwa .com.ng, makarantun firamare da sakandare kuma .sch.ng.

Batun Kuɗi

Kuskuren da aka fi tafkawa shi ne a ɗauki shafi kamar ginin kwalbati, wanda ake biya sau ɗaya a ƙaddamar. Suna da masauki haya ce ta shekara-shekara, kuma ranar da aka kasa biya shafin zai sauka. Idan sunan ya daɗe ba a sabunta ba, yana iya komawa kasuwa wani ya yi rajistarsa. Don haka ya kamata a sanya waɗannan kuɗaɗe, tare da ladan mai kulawa, cikin kasafin ayyukan yau da kullum na kowace shekara.

A kuma duba irin kuɗin da za a biya da shi. Kamfanonin ƙasashen waje da dala suke karɓa. A farkon watan Yuni na 2023 farashin dala a hukumance bai kai naira 500 ba, amma zuwa Fabrairun 2024 ya haura naira 1,500. Wanda ya yi kasafi da naira a kan hayar dala ya tarar kuɗin ya ninka sau uku cikin ƙasa da shekara guda. Kamfanin masauki na cikin gida da ke karɓar naira, ya kuma ba da rasit da sunan hukuma, ya fi sauƙin sha'ani ga ma'aji da mai binciken kuɗi.

Akwai kuma takardar shaidar tsaro, wadda ke sa adireshi ya fara da https. Tun shekarar 2018 manhajar Chrome ke nuna gargaɗi a kan shafin da ba shi da ita. Ana samun ta kyauta daga Let's Encrypt, kuma kamfanonin masauki da dama suna haɗa ta cikin hayarsu, saboda haka a tambaya kafin a biya kuɗinta daban.

Wace Hanya ta Dace da Wa?

Ga ƙaramar hukuma ko wata ma'aikata, shawararmu ita ce hanya ta biyu: suna mai .gov.ng, masauki a cikin Najeriya, manhajar da aka sani kamar WordPress, da jami'i takamaimai wanda kula da shafin ke cikin jadawalin aikinsa a rubuce. A guji manhajar da ɗan kwangila ya ƙera da kansa, domin ranar da aka rabu da shi zai yi wuya a samu wanda zai iya gyara ta.

Ga ƙungiyar manoma, ko ta mata, ko ta ci gaban gari wadda ba ta da ma'aikacin fasaha, hanya ta farko ta fi aminci. Idan akwai hali, a yi rajistar suna na ƙashin kai a haɗa shi da shafin. Blogger yana ba da damar yin haka ba tare da ƙarin kuɗi ba, WordPress.com kuwa sai a matakin biya. Da zarar sunan na ƙungiya ne, ko an sauya kamfani gobe, jama'a za su ci gaba da samun shafin a adireshin da suka saba.

Kowace hanya aka bi, a tabbatar da waɗannan abubuwa kafin a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa:

1. An yi rajistar suna da masauki da sunan hukuma ko ƙungiya, da imel na ofis, ba na wani mutum ba.

2. Aƙalla jami'ai biyu suna da ikon shiga shafin a matsayin masu gudanarwa, kowa da kalmar sirrinsa, kuma an sanya waɗannan bayanai cikin takardun miƙa ragamar aiki.

3. Ana ɗaukar kwafin ajiya na dukkan shafin a kai a kai, ana adana shi a wani wuri daban da masaukin, an kuma gwada mayar da shi an ga yana aiki.

4. An gwada fitar da rubuce-rubuce daga manhajar. Blogger da WordPress duka suna da hanyar yin haka, kuma jami'i ya koye ta tun ba a shiga matsala ba.

5. An rubuta ranar da hayar suna da ta masauki za su ƙare, an kuma sanar da ma'aji wata biyu kafin ranar.

6. An soke ikon shiga na duk wanda ya bar aiki ko aka sauya masa wuri.

A Tuna da Mai Karatu na Karkara

Yawancin waɗanda za su buɗe shafin za su yi haka ne ta wayar hannu, a wurin da sabis ke da rauni, da datar da suka saya da guminsu. Saboda haka a zaɓi fasali mara nauyi, a rage girman hotuna kafin a ɗora su, a kuma guji bidiyon da ke kunna kansa. Sanarwa a rubuta ta a matsayin rubutu, kada a ɗauki hoton takarda a ɗora, domin hoton yana cin data, yana da wuyar karantawa a ƙaramar waya, kuma injin bincike ba ya saurin gano abin da ke ciki.

A gwada haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, a tabbatar suna fitowa daidai a wayoyi daban-daban. Manhajojin da muka ambata duka suna karɓar su, amma wasu nau'o'in haruffan ado ba su da su, sai su nuna akwati a madadinsu. Kowace sanarwa ta ɗauki kwanan wata da sunan sashen da ya fitar da ita. Haka kuma shafi ba ya maye gurbin rediyo, da allon sanarwa na sakatariya, da masu unguwanni da dagatai. Aikinsa shi ne ya zama wurin da duk wanda ya ji labari zai je ya tabbatar.

Kammalawa

Kafin a zaɓi manhaja, a fara amsa tambayoyi uku a zaman majalisa ko taron ƙungiya: wa zai riƙa kula da shafin, daga wane asusu za a riƙa biyan hayarsa, kuma a ina kwafin bayanan zai zauna. Inda aka samu amsar duka ukun, ana iya girka manhaja da ƙwarin gwiwa. Ƙungiyar da ba ta samu amsar ba tukuna, ta fara da hanya ta farko tare da sunan ƙashin kanta, ta koma ta biyu idan ta shirya.

Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da jami'an yaɗa labarai da suka riga suka mallaki shafi da su binciki sunan da aka yi rajistarsa da shi da ranar da hayarsa za ta ƙare. Mazauna karkara kuma muna jan hankalinsu da su duba ƙarshen adireshi kafin su gaskata sanarwar da aka ce ta fito daga gwamnati, kuma kada su tura kuɗi zuwa asusun wani mutum da sunan kuɗin fom ba tare da sun tabbatar a sakatariyar ƙaramar hukumarsu ba.